Shekarar da Muka Auna Burtali

Daga bayan maƙabartar garinmu har zuwa bakin rafi akwai wani fili mai faɗi da muke kira hurumi. Ba a noma shi, ba a gadonsa, ba a sayar da shi. Haka muka tarar, haka iyayenmu suka tarar. Garin yana kan iyakar ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram, a ƙasar Dutse, inda damina ta ɗan fi ta arewacin Jigawa kauri, ga duwatsu, ga rafuka masu riƙe danshi har tsakiyar rani. Duk wanda gonarsa ba ta ciyar da shi shekara, sauran abincinsa daga hurumin nan yake fitowa. Mata suna roron ɗorawa da kaɗe, su yagi kuka, su ɗebo kirare. Maza suna yankan gamba da shuci don zana da jinka. Yara suna kiwon awaki suna jifan kanya da magarya. Ta tsakiyarsa kuma burtali ya ratsa ya gangara mashaya, hanyar shanun Fulanin da ke zaune tare da mu da na baƙin da ke saukowa daga arewa idan an kawar da amfanin gona.

Ɗana da ke karatu a Kano ya taɓa ba ni labarin cewa a Amurka akwai wani asusun gwamnati, tun shekarun 1960, da ake zuba masa kuɗin man da ake haƙowa a teku, ana raba wa jihohi su yi wuraren shan iska, don ɗan talakan birni shi ma ya samu inda zai taka ciyawa. Na ce masa Allah ya ba su lada. Mu nan ba mai bukatar a fitar da shi waje, a waje muke wuni. Tsoronmu shi ne a wayi gari a tarar wajen ya zama na wani.

Kuma ya fara zama. Ina yaro muna cikin Jihar Kano, malamin jangali yana zuwa ƙidayar shanu, Fulani suna ta dabarar ɓoye maruƙa a kwazazzabo. Da Abubakar Rimi ya hau gwamna a 1979 ya soke haraji da jangali, an yi murna, kuma murnar tana kan hanya, don an sha wuya a hannun masu karɓa. Sai dai tsohon dagacinmu, Allah ya jiƙansa, yakan ce tun ranar da saniya ta daina biyan kuɗi hukuma ta daina sanin hanyarta. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 tana nan a takarda, amma takarda ba ta hana mutum ƙara kunya biyu a gefen burtali kowace damina. Daga baya aka zo da shirin Fadama na farko, wanda ya soma a 1993 da rancen Bankin Duniya, Jigawa tana cikin jihohin da ya fi ƙarfi. Aka yi ta huda ƙananan rijiyoyi ana raba injinan ban ruwa. Albarka ce babba, ba na musu: mutanen da a da suke tafiya cin rani Kano da Jos suka zauna gida suna noman tumatir da albasa da tattasai. Amma bakin rafi ya cika da lambu, saniya ta zo shan ruwa ta tarar da shingen ƙaya. Masu tsara shirin su ma sun gane haka, shi ya sa a kashi na biyu, da na uku wanda aka amince da shi a 2008 kan dala miliyan 250, suka ce duk mai cin moriyar fadama a saka shi cikin shawara, manomi da makiyayi da masunci da maharbi da mace mai tsintar 'ya'yan itace. A daidai wannan lokacin ne kuma Sule Lamido, ɗan Bamaina a nan ƙasar Birnin Kudu, yake gwamna, daga 2007 zuwa 2015, gwamnatinsa ta tayar da maganar burtali da makiyaya da mashaya, har aka kafa hukuma ta musamman don manoma da makiyaya.

Tallafin da ya iso garinmu a waɗannan shekarun wannan salon ya bi. Gwamnati ba za ta zo ta yi mana aiki ba, kuɗi za ta zuba a asusunmu, mu zaɓi aikin, mu riƙe lissafi. Sharuɗɗan dai sanannu ne ga duk wanda ya taɓa shiga irin wannan harka. A kafa ƙungiyoyi, kowace ta yi rajista a sakatariya, a kawo hotunan shugabanni, a buɗe asusun banki, a haɗa su duka ƙarƙashin uwar ƙungiya ɗaya. Aikin da kowa zai amfana, al'umma ta kawo kashi 10 cikin ɗari. Kayan da ƙungiya ɗaya za ta mallaka, ta kawo kashi 30. Ni aka ba sakatare, ba don wani abu ba sai don ni ne malamin firamaren da ke kwana a garin, kuma ina iya cike fom da Turanci.

Zaman farko a zauren dagaci aka yi shi, bayan la'asar. Duk maza, duk manoma. Kafin magariba mun cika takarda: injin ban ruwa, injin niƙa, injin casar shinkafa, taki, maganin feshi. Ba wanda ya ambaci hurumi, ni ma ban ji wani ya yi kusa da ambatarsa ba, don abin da mutum ya saba gani kullum ba ya zuwa masa a rai idan aka ce ya faɗi bukata. Jami'in da aka turo mana, wani saurayi siriri da ke zuwa a kan babur, wanda mutanen gari suka laƙaba wa Malamin Fom, ya karanta jerin ya ɗaga kai.

"Ranka ya daɗe, ina masu shanu? Ina mata?"

Dagaci ya ce, "Ai mu ne wakilansu, ɗan nan."

Yaron ya rusuna ya ce shi ba ya jayayya da Mai Gari, amma fayil ɗin ba zai wuce teburin farko ba idan ba sunayensu. Da aka ji maganar wucewar fayil, sai kowa ya fahimta. Cikin mako guda an kawo mini ƙungiyar mata cikakkiya, da shugaba da ma'aji. Da na duba sunayen, duk matan 'yan kwamiti ne da ƙannensu, matan kulle waɗanda rabonsu da hurumi tun kafin aure. Masu shiga dajin kuwa zawarawa ne da tsofaffi da matan da talauci ya ɗage musu kulle, kuma ko ɗaya babu a takardar.

Wata tsohuwa mai daddawa, wadda duk garin ke kira Gwaggo, ita ta zo ta same ni a makaranta lokacin tara. Ta tsaya a bakin taga, ba ta shigo ba. Tafin hannunta ya rine baƙi ƙirin saboda wankin kalwa, ƙamshin daddawa ya riga ta shiga ajin, yara suna ta ƙunshe dariya. Ta ce, "Malam, an ce an rubuta mata. To wace macen aka rubuta?" Na karanto mata. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Waɗannan in ka sake su a hurumi ba za su gane ɗorawa da marke ba." Ba ta ƙara komai ba ta juya.

Malamin Fom ne ya ce a sake zama, wannan karon a tsakar gidan Gwaggo da hantsi, bayan sun dawo daga itace. Ni da shi muka zauna a kan turmi a bakin ƙofa, su suna ciki. Na buɗe littafi ina jiran in ji injin niƙa ko keken ɗinki. Abin da suka nema ya bambanta. Akwai wata 'yar hanya da ke bi tsakanin gonaki biyu ta fita hurumi, masu gonakin sun matse ta da ƙaya har ta toshe, yanzu sai sun zagaya ta bayan maƙabarta da dami a ka. A buɗe musu ita. Akwai kwazazzabon da ke cika da damina ya raba su da itatuwan kaɗanya daidai lokacin da kaɗe ke zuba. A yi musu abin tsallakawa. Sannan a hana samari kaɗe ɗorawa ɗanya kafin ta nuna, a hana masu gawayi sare ta. Shi ke nan.

Daren nan na daɗe a gaban fom ɗin. Yana da gurbin sunan kaya, gurbin adadi, gurbin farashi, gurbin wanda za a saya a wurinsa. Kwalbati ya shiga ba wahala. Amma buɗe hanya da barin bishiya a tsaye ba su da farashi, ba su da ɗan kasuwa, saboda haka ba su da gurbi. Duk tsarin an gina shi ne a kan sayo abu, alhali mafi yawan abin da marasa ƙarfi suke so shi ne a bar musu abin da yake nan. Muka yi dabara muka rubuta turakun siminti na shaidar iyaka, tunda su ana sayensu, muka rataya maganar hanyar da ta itatuwa a jikinsu a matsayin dokar ƙungiya.

Na Fulani ya fi wannan sarƙaƙiya. Arɗonmu a nan aka haifi kakansa, rugarsu tana gabas da gari, suna noma kamar kowa, 'ya'yansu suna ajina. Rajistarsu ba ta yi wuya ba. Da aka zo maganar kashi 10 na aikin sabuwar mashaya, gari ya ce zai biya nasa da aikin gayya, yashi da dutse da ruwa da ƙwadago, a ƙiyasta su a kuɗi. Arɗo ya ce su ba su iya haƙa ba, amma ga bijimi, a kai kasuwar Sara a sayar. Ina tsammanin za a yi godiya, sai zauren ya yi tsit. Bayan ya fita wani dattijo ya ce kada a karɓa. In Bafulatani ya ba da sa, gobe zai ce mashayar tasa ce, ya saya. Wani ya ce in kuma ba a karɓa ba, gobe mu ne za mu ce ba su da baki tunda ba su sa ko kwabo ba, kuma dama abin da wasunmu ke so ke nan. Aka kwashe kwanaki ana wannan. Liman ne ya raba gardamar. Ya ce a karɓi san, a rubuta kuɗinsa a layi ɗaya da kuɗin yashin gayya, a karanta a masallaci ranar Juma'a cewa kowa ya kawo abin da Allah ya hore masa, kuma ba wanda ya sayi komai. Haka aka yi, ni na rubuta, shi ya karanta.

Waɗanda ba mu san yadda za mu yi da su ba su ne baƙin makiyaya. Suna saukowa da kaka daga arewa, wasu daga Nijar, masu shanu da Udawa masu tumaki, su yi kwanaki su wuce wajen Ningi da gaba, su dawo gab da shuka. Su suka fi kowa bin burtalin, su ne kuma ake faɗa da su. Ba su da adireshi a garin, ba su da hoto a fayil, lokacin da ake zaman tsara aiki ma ba sa ƙasar. A 1998 ƙungiyar ECOWAS ta amince su riƙa ƙetare iyaka da dabbobinsu idan suna da takardar shaida, amma takardar ƙetare iyaka ba ta ba mutum kujera a zauren dagaci. Wani daga cikinsu ya taɓa gaya mini cewa a wajen Maraɗi an kafe burtali da turakun siminti masu fenti, mutum yana bi yana ganinsu. Muka ce Arɗo ya wakilce su. Arɗo ya karɓa don kunya, amma kowa ya san shi ma ba son zuwansu yake ba, don ciyawar da shanunsa za su ci da bazara ita suke cinyewa da kaka.

Ranar awon burtali ita ce ba zan manta ba. Hakimi ya turo wakili, malamin daji ya zo, malamin gona ya zo, ga dagaci da masu unguwa da Arɗo, ga tsofaffi uku da aka ɗauko saboda sun yi kiwo a burtalin suna yara. Ba mu da na'ura. Igiyar rama muka samu doguwa, aka ƙulla mata ƙulli a kowace gaba. Tsofaffin suka ce a zamaninsu garke biyu suna giftawa a cikinsa ba su gogi juna ba, kuma suka nuna shaidu: wata tsamiya ta nan, wani suri ta can, wani dutse mai tsaga. A farkon hanya igiyar ta miƙe har ta kusa ƙarewa. Muna gangarawa tana raguwa a hannuna, ina naɗe ragowar a gwiwar hannu. Da muka iso kusa da rafi, inda ƙasar ta fi kyau, sai ga burtalin ya koma 'yar siririyar hanya tsakanin dawa da dawa, wadda saniya mai ƙaho ba za ta bi ba sai ta taɓa kara. Tsamiyar da tsohon ya ambata tana nan, amma tana tsakiyar gonar wani Alhaji, da kunya kusan ashirin tsakaninta da hanya. Kuma Alhajin nan surukin shugaban kwamitinmu ne, yana tsaye a wurin da carbinsa.

Tsohon ya taka har gindin tsamiyar ya dafa ta, bai ce uffan ba. Alhaji ya ce shi a haka ya gada. Aka ce mahaifinsa dai bai kai nan ba. Ya ce to a nuna masa takarda. Nan ɗan Arɗo, wanda ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, ya kasa haƙuri ya ce, "Baba Alhaji, in takarda ake nema a je Dutsen Mesa. Shanu suna jikin dutse tun kafin a san alƙalami a ƙasar nan." Alhaji bai ko ɗaga murya ba ya ce, "Na je, yaro. Waɗancan shanun ba su da tozo. Ba naku ba ne." Aka fashe da dariya har da Arɗo, kuma dariyar ce ta hana ranar ɓaci.

Gaskiya Alhaji ya faɗa, a kan tozo dai. Zanen da ke Dutsen Mesa da Dutsen Habude da sauran duwatsun Birnin Kudu yawancinsa na shanu ne marasa tozo, irin da ba a kiwo a nan yanzu. Baturen nan Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950, tare da duwatsun da ake bugawa su yi ƙara kamar ƙararrawa, kuma yau suna hannun hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne Alhaji ya je ya gani, alhali cikin 'yan ajina a lokacin da wuya a samu wanda ya taɓa zuwa, ga shi kuwa tafiyar ba ta kai a kira ta tafiya ba. Baƙo daga Turai ya san wurin, ɗan ƙauyen da ke kusa bai sani ba, don ba wanda ya taɓa ware kuɗin motar da za ta kai shi.

Ba a dawo da burtalin yadda tsofaffi suka san shi ba. Wajen rabi aka samu. Wakilin hakimi ya ce a bar kowa ya girbe abin da ya shuka, bayan kaka a kafa turaku. Kuɗin tallafi ba su halatta biyan diyya ba, kuma da ma ba a biyan mutum diyyar abin da ya ci ba nasa ba. Amma da aka zo jera ƙungiyoyin da za su fara karɓar injin ban ruwa, ƙungiyar su Alhaji ce ta zo ta ɗaya. Ba a rubuta dalili ba, ba wanda ya tambaya. Wani zai kira wannan toshiyar baki, kuma ba zan yi masa musu sosai ba. Abin da na sani shi ne inji ɗaya ya sayo mana hanyar da shari'ar shekara biyar ba za ta ba mu ba, kuma ko an ci shari'ar, da daddare za a tumɓuke turakun.

Riƙon kuɗin kansa bai ba mu wahalar da ake tsoro ba. Hannu uku ke fitar da su, na shugaba da na ma'aji da nawa, kuma kashi-kashi suke zuwa, sai an ga aikin kashin farko a saki na biyu. Muka sa allo a bangon masallaci, duk abin da ya shigo da abin da ya fita ina rubutawa da alli, da boko da ajami. Ɗan kwangilar rijiyar mashaya ya ja ni gefe ya tambayi nawa ne kason kwamiti, don ya san yadda zai rubuta farashi. Na ce ya bari in tambaya a gaban allo. Bai sake tayar da maganar ba. Mai binciken kuɗi kuma ya zo ya ce sai an kawo rasit na yashin da jakuna suka ɗebo, muka tara masu jakai suka dangwala yatsa ɗaya bayan ɗaya suna tambaya ko jakin ma zai dangwala. Duk da allon, da na sake rufin ɗakina a shekarar, sai da aka ce kwanon mashaya ne. Wanda ya riƙe kuɗin jama'a ya haƙura da wannan tun kafin ya karɓi biro.

Rigimar da ta fi girma daga sama ta zo, kuma da kyakkyawar niyya. Wani jami'in fasaha ya zo duba aiki, ya zaga hurumin, ya ce wuri mai kyau haka bai kamata a bar shi a sake ba. Ya kawo shawarar a kewaye wani babban yanki da waya, a dasa turare da darbejiya a layi, a sa ƙofa da mai gadi. Akwai ragowar kuɗi da za su isa, kuma irin aikin da manya ke son gani ke nan, don ana iya ƙirga bishiyoyin, ana iya ɗaukar hoto a gaban ƙofar. Yawancin 'yan kwamiti sun so, har an fara raɗe-raɗin wanda za a ba gadi. Yankin da ya nuna kuwa shi ne mai ɗorawa da kaɗanya.

A lokacin Gwaggo tana da kujera a uwar ƙungiya, tana zama a bakin ƙofar zaure a kan 'yar tabarmarta. Ba ta cika magana ba. Ranar ta ce, "Ranka ya daɗe, ina da tambaya. Makullin a hannun wa zai kwana?" Jami'in ya ce a hannun kwamiti. Ta ce, "Kwamiti ba ya tashi da asuba. Ni da asuba nake roron kaɗe, kafin awaki su riga ni. Ƙofar wa zan buga?" Ya ce za a tsara lokuta. Arɗo ya ce shi ma yana da tambaya, ko turare saniya tana cin ganyensa. Malamin daji, wanda ya san amsar, ya sunkuyar da kai.

An kaɗa ƙuri'a ta ɗaga hannu, abin da ba a saba yi a gaban dagaci ba, kuma waya ta faɗi da ƙyar. Ragowar kuɗin ba a bar mana su ba, sun koma. A rahoton ƙarshen shekara an rubuta cewa ba mu kashe kasonmu duka ba, wanda a wurin masu tsarin gazawa ce, kuma Malamin Fom ya sha faɗa a kanmu. Wani gari da ke kusa da mu sun karɓi wayar. Shekarun farko wurin ya yi kyau ƙwarai, duk baƙon da ya zo can ake kai shi. Mutanen garin suka koma kiransa gonar gwamnati, mata suka daina shiga, mai gadi ya fara sayar da ciyawar ciki dami-dami. Da albashin gadi ya tsaya, wayar ta bi dare, kuma da yake an riga an saba cewa wurin ba na kowa da kowa ba ne, bai yi wuya ba wani ya sa garma a gefe. Na bi ta wurin bara, riɗi ne a ciki.

Namu abin da ya tsaya a ƙasa ba shi da yawa: rijiyar burtsatse da kwamin shan ruwa na siminti a bakin burtali nesa da lambuna, kwalbati a kan kwazazzabo, hanyar mata, da turaku. Turakun da ke kusa da gari suna nan, don idanu suna kansu. Na can ƙasa wajen rafi an ci wasu, an matsar da wasu, sai dai ko yaro ya san inda suke a da, kuma yanzu in rigima ta tashi daga turke ake fara magana, ba daga tsamiya ba. Ɗorawa kuwa masu gawayi sun rage ta duk da doka.

Abin da bai warware ba har yau shi ne na baƙi. Tallafi yana gina abu, ba ya gyara shi, don haka muka sa kuɗin shan ruwa don gyaran famfo. Garken gari yana biyan kaɗan a wata, garken baƙo yana biya kowace rana. Da na duba littafin ma'aji bayan 'yan shekaru, mafi yawan kuɗin gyaran daga aljihun baƙin ya fito, mutanen da ba su taɓa zama a taronmu ba, ba su san an yi ƙuri'a ba, ba su da wanda zai ce an tsawwala musu. Na kawo shawarar a riƙa yin zama ɗaya da kaka lokacin da suke nan. An yi sau ɗaya ko biyu, aka ce ba su da tsayayyen shugaba, bana wannan baɗi wancan, aka bari.

Kwanakin baya wani tsohon ɗalibina, wanda shi ne sakatare yanzu, ya zo neman tsohon littafin zamanmu, wai wani sabon tallafi na gyaran ƙasa da dashen itatuwa yana tafe. Na ba shi, na ce ya fara da gidan masu daddawa kafin zauren dagaci, kuma ya sa zamansa da kaka. Ya ce, "Malam, ai yanzu ba a zuwa da fom. A waya ake cikewa, kuma kowane suna sai da lambar BVN da ta katin ɗan ƙasa." Na tambaye shi mata nawa ne a ƙungiyar Gwaggo suke da su. Ya ce zai bincika, amma ya riga ya tura sunayen waɗanda suke da su, don ranar Alhamis za a rufe.